Zauren kakanmu da kufayen ƙasar Rima: a rushe ko a gyara?

Ɗan_Fadama:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa, shawara nake nema a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai tun ƙarshen damina. Muna da gidan gado a wani ƙauye gabas da Wurno, a bakin fadamar Rima, wanda kakan mahaifinmu ya gina tun kafin Turawa su ci Sakkwato a 1903. Ɗakunan cikin gida duk an sake su da bulo da kwano sannu a hankali, zaure kaɗai ya rage yadda mai shi ya bar shi. Ginin tubali ne da jar ƙasa, kaurin bangon daga ƙasa ya kai kamu biyu, rufin kuwa ɗaurin guga ne, bakan gizo sun taso daga bango huɗu sun haɗu a tsakiya, inda aka manna wata 'yar tasa da har yau take ƙyalli idan hasken hantsi ya shigo ta ƙofa. A cikinsa aka ɗaura auren iyayenmu, a cikinsa aka raɗa mana suna, a ƙofarsa kuma aka sallaci mahaifinmu.

Bana indararon gabas ya karye ba wanda ya lura, ruwa ya yi ta kwanciya a kan rufin har ya sami hanya. Yanzu bango ya tsage daga sama zuwa daidai ƙugun mutum, azara biyu kuma gara ta cinye su. Yayyena biyu sun ce a rushe a yi shaguna, tunda gidan yana bakin hanya, kuɗin haya ya riƙa taimakon marayun da ƙanenmu ya bari. Ni kuwa zuciyata ta ƙi. Shekarun baya na je Degel, mahaifar Shehu Usmanu, na kuma je Alƙalawa, ban ga gida ko ɗaya na zamaninsu a tsaye ba, sai tudu da makwantai da gonaki, kuma tun ranar nake jin cewa abin da ya rage mana a ƙauyuka bai kamata mu ƙarasa shi da hannunmu ba. Shin riƙe irin wannan gini yana da wata fa'ida da ta wuce son rai? Idan yana da ita, ta yaya ake gyara shi ba tare da an ɓata shi ba?

Abu_Safiyya:
Wa alaikumus salam. Malam, ni ina bayan yayyenka. Ginin ƙasa idan ya fara tsagewa daga sama ba ya sallama kafin ya faɗi, kuma zaure wuri ne da yara ke karatun allo, tsofaffi ke kishingiɗa da rana. Kowa ya ji abin da ya faru a Zariya a watan Agusta na 2023, lokacin da wani sashe na tsohon Masallacin Juma'a ya rufta wa masallata ana sallar La'asar, aka rasa rayuka. Wannan fa masallacin fada ne da idon jama'a ke kansa kullum, balle zauren ƙauye da sai indararo ya karye wata guda ba a sani ba. Ka ɗauki hotunansa ta kowace kusurwa, ka cire tasar nan ka adana, sannan a rushe tun kafin ya danne wani.

Gwanin_Tubali:
Ɗana, na gaji gini wurin mahaifina, na kuma yi fiye da shekara arba'in hannuna cikin ƙasa, saboda haka bari in faɗa maka abin da zan yi da a gabana zauren yake. Maganar Abu_Safiyya ta fitar da mutane daga ciki gaskiya ce, a yi ta yau, a kuma tokare rufin da gwafanni masu ƙarfi a daidai inda azarar ta lalace. Amma tsaga iri biyu ce, kuma ba hukunci ɗaya ake yi musu ba. Akwai wadda ruwa ya jawo daga sama, akwai wadda ke tasowa daga tushe saboda ƙasa ta zauna. Ka kwaɓa ƙasa kamar tafin hannu ka manna a kan tsagar wuri uku, ka bar ta mako biyu ko uku. Idan mannin ya bushe bai rabu ba, bangon ya tsaya, ciwon na sama ne, kuma yana da magani. Idan ya rabu, tushe ne ke motsi, wannan kuwa sai magini ya tona ya gani da idonsa.

Batun azara, ina shakkar waɗanda gara ta ci na asali ne. Azarar ƙwarai daga namijin giginya ake tsaga ta, ɓangaren waje mai baƙin jijiya, kuma gara ba ta cika iya mata ba sai ta daɗe a jiƙe. Mai yiwuwa wani ya taɓa gyara ya sa ta macen giginya ko ta goruba. Azara ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan tazarar ta wuce kamar kamu huɗu, shi ya sa magabata suka ƙago bakan gizo: ana jera azara ɗaya bisa ɗaya tana leƙowa, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da ƙasa, a jira ta bushe kafin a ƙara wata. Wanda bai san wannan ba, idan ya zare guda ɗaya ba bisa ƙa'ida ba, sai ya kwance bakan gaba ɗaya.

Yaɓe kuma ba da ɗanyar ƙasa ake yi ba. A kwaɓa ta da ciyawar ramno ko kashin doki, a tattake, a rufe ta kwanaki tana ruɓa, ana ƙara ruwa ana sake tattakawa. A gama da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa. Rufi da bangon gabas, inda ruwan damina ke duka, da laso ake yi musu, wanda ake haɗawa da katsin marina da dafara da gashin akuya. Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka bari a shafa masa siminti.

Ɗan_Adar:
Gyara kaɗan, Malam Ɗan_Fadama, ba don ƙure ba. Ba a Degel aka haifi Shehu ba. A Maratta aka haife shi a 1754, kuma garin yana nan wajenmu a Nijar, a yankin Galmi. Degel can ya tashi, can ya karantar, daga can kuma ya yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. Na kawo wannan ne domin ƙasar da muke magana a kanta iyaka ta raba ta biyu, wanda duk ke son ganin wuraren tarihin Gobir da na jihadi sai ya taka ɓangarorin biyu.

Ɗan_Fadama:
Na gode da gyara, Malam Ɗan_Adar, kuskurena ne. Baba Gwani, Allah ya ƙara girma. Gobe in Allah ya yarda zan sa a manna ƙasar kamar yadda ka ce. Amma ina so in fahimci dalilin hana siminti, domin shi ne abin da kowa a garinmu yake ba ni shawara a kai, har wasu maƙwabta sun yi wa nasu.

Injiniya_Rima:
Bari in amsa wannan kafin Baba ya dawo, domin a wannan gaɓar ilimin makaranta da na gado sun haɗu. Bangon ƙasa yana shan danshi daga tushe da daga sama, yana kuma fitar da shi ta fuskarsa idan rana ta fito. Siminti yana toshe wannan hanyar fita. Ga shi kuma ba ya kama ƙasa kamun gaske, zafi da sanyi ba sa motsa su daidai da juna, sai filastar ta yi ƙananan tsagogi, ruwa ya shiga ta nan ya rasa mafita. Daga waje za ka ga bango sumul, a ciki kuwa ƙasar ta zama taɓo. Ka je gidan maƙwabtan nan naka ka ƙwanƙwasa bangon da ɗan yatsa, inda ka ji yana amsawa kamar ganga, filastar ta riga ta rabu da ƙasar.

Na ga wannan da idona bayan ambaliyar 2010, da ruwan Rima ya shafi garuruwa da yawa daga Goronyo zuwa ƙasa. Wanda ruwa ya kwanta a gindinsa kwana da kwanaki, na ƙasa ne ko mai filasta, duk sun tafi. Amma cikin waɗanda ke kan tudu, masu filastar siminti ne suka riƙa zubowa bayan wata biyu, lokacin da mutane suka ɗauka an tsira. Saboda haka ka duba inda ruwan titi ke bi. Idan an ɗaga hanya ta fi dandamalin zauren tsawo, wannan ya fi tsagar haɗari.

'Yar_Malamai:
Ina so in koma kan abin da mai tambaya ya gani a Degel da Alƙalawa, domin ina ganin darasin da ya ɗauka daga can yana bukatar ƙari. Waɗannan wurare ba rushe su aka yi don a gina shaguna ba, kuma ba raunin ƙasa kaɗai ya kashe su ba. Tashi aka yi aka bar su. Jama'ar Shehu sun bar Degel a 1804. Alƙalawa ta faɗi a watan Oktoba na 1808, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa, daga baya Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, wasu kuma suka kafa Sabon Birni. Sifawa ma Shehu ya zauna a cikinta shekaru kafin ya koma Sakkwato a 1815, inda ya rasu a 1817. Ginin ƙasa da ba a yi masa yaɓe ba, damina kaɗan ta ishe shi ya koma tudu, balle shekara ɗari biyu.

Ku dubi Wurno, wadda ke kusa da ku. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gina ta a matsayin ribaɗi, a can ya rasu a 1837, a can hubbarensa yake. Da Baturen nan Barth ya zo a 1853, Wurno ce mazaunin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Garin bai taɓa zama kufai ba domin mutane ba su daina zama a cikinsa ba, amma kuma saboda wannan zaman ne aka yi ta sake gine-ginensa, har ya zama abin da ya rage na ainihin ginin farko kaɗan ne. Wato hanya biyu muke rasa tsofaffin gidaje a ƙasar nan: inda aka tashi ruwa ya cinye, inda aka zauna bulo ya cinye. Zaure irin na Ɗan_Fadama, wanda ya tsallake duka biyun sama da shekara ɗari da ashirin, ba shi da yawa, kuma a ganina ya wuce a ce son rai ne kawai.

Bakabe:
Malama ta yi magana mai ma'ana, zan ƙara da misali daga wajenmu. Surame, birnin da Muhammadu Kanta ya gina a ƙarni na 16, da dutse aka yi ganuwarsa, ba da tubali ba, kuma kufansa na nan cikin ƙaramar hukumar Binji. Har labari ake bayarwa cewa Nufawa da suka makara zuwa aikin, sai Kanta ya sa suka kwaɓa rabonsu da man kaɗanya maimakon ruwa. An bar birnin wajen shekarar 1700 aka koma Birnin Kebbi. Gwamnati ta ayyana shi cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1964, a 2007 kuma aka sa shi a jerin wuraren da Najeriya ke neman UNESCO ta amince da su. Duk da waɗannan takardu, da na je na tarar itatuwa sun tsiro a jikin ganuwar, saiwoyinsu na ture duwatsu, kuma ba don wani dattijo da ya raka mu ba da ba mu san ƙofa daga gurbin da ya zube ba.

A Argungu kuwa, tsohuwar fadar Sarkin Kabi da aka daina zama a cikinta a 1942 ba a bar ta haka ba, an mayar da ita Gidan Tarihi na Kanta a 1958. Akwai makamai da tambura da kayan kamun kifi a ciki, makwantan sarakuna na nan, baƙi na shiga, musamman lokacin bikin kamun kifi. Abin da ya raba wuraren biyu shi ne ɗaya an ba shi aiki, ɗaya an ba shi takarda. Ka tambayi kanka, Malam, wane aiki zauren zai riƙa yi bayan an gyara shi.

Bagobiri_Na_Gabas:
Tunda an ambaci Alƙalawa, ba zan yi shiru ba. Birni ne da ya riƙe mulkin Gobir tun zamanin Babari, a cikinsa Bawa Jan Gwarzo ya yi sarauta, kuma tarihin jihadin kansa ba ya cika sai da shi. Amma yara nawa ne a makarantun jiharmu aka taɓa kai su can? Manoma na tono tsingaro da garma suna watsarwa gefen kunya, ba wanda ya ce musu abin adanawa ne. Yanzu kuma matsalar tsaro a yankin Sabon Birni da Isa ta sa ko mu 'yan ƙasa sai mun yi shawara kafin mu kama hanya. Akwai ƙauyukan da mutane suka tashi suka bari, da zaurukansu da rumbunansu, kuma abin da Malama ta faɗa game da 1804 shi ne ke faruwa da su a gaban idonmu. Wanda Allah ya bar shi a garinsu lafiya har yana da zaɓin gyara ko rushewa, ya gode wa Allah, ya kuma gyara.

Ɗalibin_Ilimi:
Ina da tsoro guda game da wannan zance na wuraren tarihi. Mafi yawan abin da ake zuwa gani a Degel da Wurno da Gwandu kaburbura ne, kuma mun ga yadda wasu ke ɗibar ƙasa suna neman tabarruki. Shehu da ɗan'uwansa Abdullahi sun yi rubutu mai yawa a kan bidi'a, littattafansu su ne gadonsu na gaskiya. Ina gudun kada girmama gini ya kai mu inda su da kansu suka hana.

Malam_Na_Zaure:
Ɗalibin_Ilimi, tsoronka yana da tushe, amma a ajiye kowace mas'ala a wurinta. Abin da jahili ke yi a bakin kabari ana gyara shi da karantarwa, kuma mai tambaya ba kabari ya kawo mana ba, zauren gidansu ne. Alƙur'ani ya umarce mu a wurare da dama da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu dubi yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance, kuma wanda ya tsaya a Gudu inda aka yi wa Shehu mubaya'a a gindin faru, ko a Tafkin Kwatto inda aka gwabza a watan Yuni na 1804, ya ga irin dajin da nisan ruwan, zai karanta littattafan nan da wata fahimta dabam.

Mas'alar da ta fi damuna ita ce ta marayu, kuma ban ga wanda ya taɓa ta ba. Malam Ɗan_Fadama, idan ba a raba gadon ba, zauren ba naka ba ne kai kaɗai, kuma marayun ƙanenku suna da rabon mahaifinsu a ciki. Babba mai hankali yana iya yafe rabonsa ko ya yi waƙafi da shi, amma ba wanda ke da ikon yin kyauta da rabon maraya, sai abin da ya zama maslaha gare shi. Saboda haka hujjar yayyenka ba ƙarama ba ce. Hanyar da nake gani ita ce a kira masana su yi wa wurin ƙima, a fitar da rabon kowa, kai da masu ra'ayinka ku sayi rabon marayun da farashin da ya dace, ko ku ɗauki nauyin biyan su abin da hayar shago za ta kawo musu. Idan wani cikin manya ya sayar da rabonsa ga bare, kana da haƙƙin shufu'a, wato ka karɓi rabon ka biya kuɗin da aka saye shi, muddin ba a raba ba. Bayan haka sai ku yi waƙafin zauren a rubuce, da shaidu, a ambaci aikin da zai riƙa yi da wanda zai kula da yaɓensa.

Ɗalibin_Ilimi:
Allah ya gafarta Malam, na karɓi wannan bayani. A kan zauren ba ni da ja.

Hajiya_Inna:
Duk maganar da ake yi ta zaure ce, kuma haka aka saba, shi ake gani daga waje. Ni ɗakin kakata nake tunawa, wanda aka rushe ina amarya. Mata ne suka yi masa daɓe, suka baza tsakuwa, suna yayyafa ruwan makuba suna bugu da madaɓi suna waƙa tun safe har la'asar, ƙasan ya fito ja wur yana sheƙi, ko ruwa ka zubar ba ya shiga. A wannan ɗaki 'yan taru ke sauka idan sun fito daga ƙauyuka za su wurin karatu, jajinsu, wato shugabarsu, da malfarta, kamar yadda aka gada tun zamanin Nana Asma'u. Ba wanda ya ɗauki hotonsa, ba wanda ya yi shawara da kowa, domin ɗakin tsohuwa ne kawai. Rumbunan gidan ma haka suka tafi ɗaya bayan ɗaya.

Ɗana, idan kun gyara zauren, ku zauna da tsofaffin matan gidan tun suna da rai, su faɗa muku ina turaka take a da, ina rijiya, ina murhu, wa ya zauna a wane ɗaki, ku zana a takarda. Sannan ina shaida maka, a bazarar Sakkwato da zafi ke haura digiri 40, duk mai ɗakin kwano a gidanku zauren nan zai dawo da tabarmarsa.

Ɗan_Adar:
Tambayar Bakabe ta aikin da gini zai yi ta tuna mini da wurare biyu a jihar Tawa. A Yama, wani magini ɗan garin, Falke Barmu, ya fara gina Masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, jama'ar gari na kawo tubali da ruwa da itace, daga baya ya sake rufin ya ƙara hasumiyoyi a kusurwoyi huɗu, har ginin ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Wannan ba ginin zamanin da ba ne, na zamanin iyayenmu ne, wato sana'ar ba ta mutu ba. A Dandaji kuma, da tsohon masallacin ƙasa ya yi wa jama'a kaɗan, maimakon a rushe shi sai aka gyara shi aka mayar da shi ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci kusa da shi da tubalin ƙasa da aka matse da inji, aka gama a 2018. Idan kun rasa magini a wajenku, ku nemo daga yankin Ƙonni ko Tawa, hanya ba ta da nisa.

Abu_Safiyya:
Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma na yarda siminti ba magani ba ne. Amma har yanzu ba a amsa mini tambayar kuɗi ba. Wuraren da Ɗan_Adar ya ambata gari guda ne ya tashi a kansu, wani ma da taimakon waje. A nan mutum ɗaya ne da albashinsa. Giginya ta yi ƙaranci, sana'ar rini ta mutu a garuruwa da yawa balle a sami katsi, matasan da a da ake tarawa gayyar yaɓe sun tafi ci-rani, wanda ya rage kuma sai an biya shi kuɗin yini. Bulo sau ɗaya ake biya, yaɓe kuwa kusan kowace shekara ne. Idan Ɗan_Fadama ya gyara bana, wa zai gyara bayan ransa?

Injiniya_Rima:
Bulo ma ba sau ɗaya ake biya ba, Malam Abu, musamman irin wanda ake bugawa yanzu ana ƙwauron siminti, ga kwano da iskar farkon damina ke yayewa. Amma tambayarka ta ƙarshe ba ni da amsarta, kuma ita ce mai wuyar.

Mai_Nazari:
Wani ya rubuto mini a gefe yana cewa a kai maganar ga Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, domin ta karɓi zauren. Ina ba da shawarar a yi tunani tukuna. Ginin da aka ayyana a matsayin abin tarihi na ƙasa, doka ta hana mai shi ya sauya shi ko ya rushe ba da izini ba, kuma ayyanawar ba ta nufin kuɗin gyara zai zo, misalin Surame ya ishe mu. Abin da ya fi sauƙi shi ne a sanar da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato da sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko ɗalibai za su zo su auna ginin, su zana shi, su ɗauki bayanin dattawa kamar yadda Hajiya ta ce. Ko da a ƙarshe ra'ayin yayyensa ya rinjaya, wannan aikin ba zai ɓata ba. A duba kuma cikin alkukin bango da tsofaffin gafakoki, domin a irin waɗannan zauruka ake samun wasiƙu da takardun filaye da rubutun ajami da gara ba ta kai gare su ba.

Ɗan_Fadama:
'Yan'uwa, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga inda aka kwana bayan mako uku. Mun fitar da almajirai zuwa rumfa, mun tokare rufin da gwafanni huɗu. Mannin ƙasa biyu na sama ba su rabu ba, na ƙasan ya yi 'yar tsaga kamar zare. Na kawo wani tsohon magini daga garin da ke kusa da mu, ya tona gindin bangon, ya ce tushen lafiya yake, amma ruwan hanya na taruwa a kusurwar gabas kamar yadda Injiniya ya yi zato, sai an yi masa magudana an ɗaga dakali. Ya kuma tabbatar da maganar Baba Gwani, azara biyun nan ba na asali ba ne.

Na karanta wa yayyena bayanin Malam_Na_Zaure. Babban yayanmu ya yarda a yi ƙima a fitar da rabon marayu, ya ce idan na iya biya ba shi da ja, kuma a bar zauren makarantar allo kamar yadda yake. Ɗayan bai yarda ba, ya ce ko an biya marayu shi yana son rabonsa a bakin hanya, ba a bayan gida ba, kuma ban ga laifinsa ba domin yana da iyali da yawa. Mun sa ranar zama gaban hakimi bayan an gama girbin shinkafa. Tambayar Malam Abu ta wa zai gyara bayan raina tana nan a zuciyata, abin da na iya yi kawai shi ne na ce wa maginin duk ranar da za a fara aiki ɗana na fari da 'ya'yan yayana biyu za su tsaya tare da shi daga kwaɓa ƙasa har zuwa laso. A alkukin bango kuwa mun sami gafaka da wasu takardu na ajami, na naɗe su a ƙyalle ban bari kowa ya buɗe ba. Abin da na rasa har yanzu shi ne azara.

Gwanin_Tubali:
Kada ka sayi azara a waya, ɗana, ka je da maginin ya gani. Ya ɗaga ta ya ji nauyinta, ya kankare bakinta da wuƙa, idan jijiyar baƙa ce a cushe ita ce, idan fari ya yi yawa a bar ta. Ka fara tambaya a gidajen da ake rushewa a garinku da maƙwabta, domin tsohuwar azarar da ta shekara ɗari a rufi ta fi sabuwa, kuma sau da yawa masu gidan itacen wuta suke yi da ita. Mannin ƙasan nan da ya yi zare, ka sake wani a gefensa bayan an gyara magudanar, ka ba shi wata guda. Ko zaman hakimi bai yiwu da wuri ba, a sa sabon indararo a rufe saman tsagar kafin hadarin farko.

Abu_Safiyya:
Allah ya sa a dace. Ina dai roƙo kada a mayar da yaran ciki sai maginin ya cire gwafannin da hannunsa, ya kuma zauna a ƙarƙashin rufin shi da kansa.

Hajiya_Inna:
Takardun nan a kai wa mai karanta ajami a gaban yayyenka duka biyu, kada a buɗe su bayan idon kowa. A kira gwaggonninku su ma su zauna, wataƙila akwai sunan da su kaɗai za su gane.